Akwatin da Ba a Buɗewa

Ƙungiyarmu ta zumunta a unguwar Nuzla ta Jidda ba ta da asusu a banki. Abin da muke tarawa duk wata saboda mutuwa ko jinya ko matsalar takarda yana cikin wani akwatin ƙarfe a gidan ma'ajinmu, wani dattijon tela haifaffen Jidda. Duk bayan Sallar Layya sai a ajiye akwatin a tsakiyar tabarma, kowa ya ɗaga ya ji nauyi, ya ce masha Allah, halas, shi ke nan. Buɗewa kuwa, wai cin fuskar dattijo ne.

Ni dabino nake aunawa a unguwar Kurayyat, hannuna ya san nauyi. Takardun riyal ba sa yin wannan nauyin, wallahi. In ka girgiza kuma, wani abu na ƙara a ciki. Shekara biyu ina haɗiye maganar, amma raina bai kwanta da mutumin nan ba. Har sabon takalminsa sai da na sa wa ido.

Sai iƙamata, takardar izinin zama, ta zo ƙarewa, kafilina da ya tsaya min na zauna a ƙasar ya ce ba ruwansa. Saura mako guda, in ban sabunta ba a kwashe ni a mayar gida. Na je wa ma'aji neman rance, ya ce, "Ɗana, ba ni wata ɗaya."

Wata ɗaya! A taronmu na Juma'a a gidansa na miƙe. "Baba, da girmanka, yau sai an buɗe akwatin nan. Gani ya kori ji."

Aka ɗau salati, ana jan rigata. Shi kuwa sai ya miƙo makulli.

Kuɗin ciki ko rabin buƙatata ba su kai ba. Sauran duk ƙulle-ƙulle ne a tsumma: agogo, zobba, sarƙoƙi. Ashe 'yan'uwa ke zuwa masa a ɓoye su karɓi rance su bar jingina, shi kuma ya rufa musu asiri. Mazaje suka sunkuyar da kai, kowa na gane kayansa. Kunya ta kama ni, amma taurin kai ya sa na ci gaba da kwancewa.

A ƙulli na biyar na ga awarwaron matata, wanda ta ce min ta aika wa mahaifiyarta.

"Baba, wannan fa?"

"Iƙamarka ta bara ce," in ji shi. "Ta roƙe ni in ce maka kafili ne ya biya. Jiya ma ta zo da 'yan kunnenta, na ce ta bari in nemo kuɗin tukuna."