Waƙar Kefas

Leah tela ce a Rikoto. Shekararta hamsin da biyu, mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata biyu suna aure a wasu garuruwa. Masu kawo ɗinki da sunanta suke kiranta, amma da zarar sun fita sai su ce 'yar Malam Japhet da Saloma, domin a ƙasar Zuru da wuya a sami mai zuwa coci da bai taɓa rera waƙar iyayenta ba.

Saloma ba ta yi makaranta ba. Waƙa kan zo mata da Dakarci, yarensu, tana sussuka ko tana tankaɗe, da muryarta da komai. Japhet, wanda ke koyarwa a firamare a Manga, sai ya ja kujera ya ɗauko littafi ya ce ta maimaita. Shi ke mayar da ita Hausa, ya yi ta gyara har ta zauna a bakin 'yan kwaya, mawaƙan coci. Bai taɓa ƙaga waƙar da ta karɓu shi kaɗai ba, ita kuma tata ba ta taɓa ƙetare dangar gida ba sai ta hannunsa. Amma a jikin kaset sunansa kaɗai ake bugawa.

Cikin wannan gardama Leah ta girma. In Saloma ta yi ƙorafi, sai Japhet ya tuna mata shekara bakwai ya yi yana golmo, yana noma gonar ubanta kafin a ba shi aurenta. Ita kuma ta ce ta sani, amma ba ta ji an ce har da maƙogwaronta aka ba shi ba. Sai su yi kwana uku ba gaisuwa, har wata waƙar ta zo ya sake jan kujera.

A 2013 ƙanen Leah, Kefas, ya mutu a bakin daga a Borno. Soja ne, shekararsa ashirin da shida. Can aka binne shi. Jakar kayansa kawai aka kawo.

A dangin uwar Saloma, mata suna da yadda suke kukan mamaci. Uwa kan shiga ɗaki da matan gida, ta yi masa waƙa tana kiransa da sunan da ta raɗa masa yana goye, kuma abin da aka rera a ɗakin nan ba ya fita. Haka Saloma ta yi. Leah na zaune gefenta. Baiti biyar ne, babu lallashi ko ɗaya a ciki. A na ƙarshe tambayar Allah take yi wa ya rufe wa yaron ido, ina aka juya kansa.

Japhet na zaune a gindin bangon ɗakin daga waje, yana ji. Tun da labarin ya zo bai yi kuka ba, bai iya cin abinci ba. Abu ɗaya ya iya yi da abin da ya fito daga bakin matarsa, shi ya yi.

Bayan wata guda aka yi sujadar tunawa da Kefas. 'Yan kwaya suka tashi, kuma tun daga layin farko Leah ta ji hannun uwarta ya sandare a kan nata. Waƙar ce, da Hausa. Japhet ya cire sunan goyon, ya cire tambayar, ya sa baitin godiya ga Ubangiji da begen saduwa a sama. Jama'a suka yi ta hawaye. Saloma ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta fita.

A gida ta same shi.

"Baban Kefas, wa ya ba ka?"

"Ni ma ɗana ne."

"Ɗanka ne. Amma ni ban gode ba. Ka sa mini godiya a baki a gaban jama'a."

Washegari ta ɗaure kayanta ta tafi Mahuta gidan wanta. Sau uku fasto da dattawan coci suka bi ta, suka dawo hannu rabbana. Ba ta ƙara yin waƙa ba, shi ma littafinsa a nan ya tsaya. Waƙar kuwa ta bazu. Duk gidan da aka kawo jakar soja, ita ake rerawa, kuma irin waɗannan gidaje ba su da kaɗan a Zuru. Shekara takwas Leah tana kai da kawowa tsakanin Manga da Mahuta, ta kai wa wannan magani, ta kai wa waccan hatsi. Kowannensu kan tambaye ta lafiyar hanya, ba ya tambayar ɗayan.

Japhet ya rasu a 2021. Saloma ta zo jana'izar, ta tsaya a wajen coci har aka gama waƙar sannan ta shiga. Bayan shekara biyu, da nata ciwon ya yi tsanani, ta roƙi Leah kada a rera waƙar a kanta in ta mutu. Leah ta faɗa wa fasto, ya amince. Amma a bakin kabari wata tsohuwa daga zumuntar matan coci ta ɗauko ta cikin kuka, sauran suka amsa. Don ƙauna suka yi. Mace ɗaya ba ta iya tsayar da mata arba'in.

Bana wani malamin jami'a mai suna Ebenezer ya zo shagonta. Yana tattara waƙoƙin ne zai buga su littafi. Tsofaffin mata sun gaya masa wa ke ƙaga su, amma ba shi da shaida, littattafan duk rubutun Japhet ne. An ce masa akwai asalin waƙar Kefas da Dakarci, kuma Leah ce kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ji ta. In ta rera masa ya naɗa, kowa zai ga aikin Saloma ne. In ta ƙi, waƙar za ta bi ta kabari, sunan ubanta kaɗai zai tsaya a bangon littafin.

Ta ce ya dawo bayan mako. A makon nan ta lalata wuyan riga biyu. Ta san abin da uwarta ta nema shekara arba'in, ta kuma san abin da ya fitar da ita daga gidan miji.

Da ya dawo ta ba shi ruwa, ta bari ya sha.

"Malam, ka rubuta sunansu duka biyu, in za ka yarda da maganata."

"Mama, maganarki na yarda da ita. Masu karatu ne za su nemi hujja."

"To, su nema. Waƙar ta ɗaki ce."

Ya yi mata godiya, ya mayar da wayarsa aljihu ya tafi, bai yi mata alkawarin komai ba.

Leah ta tura ƙofar shagon ta zauna a bayan keken ɗinki. Ta daɗe ba ta gwada ba, sai ta fara rera waƙar ƙasa-ƙasa da Dakarci. Baiti huɗu suka zo daidai. A na biyar ta buɗe baki za ta yi tambayar uwarta, sai ta ji Hausar ubanta tana fitowa, godiyar da take ji a kowace jana'iza shekara goma sha biyu. Ta katse, ta koma farko. Da ta iso wurin, godiyar ce ta sake zuwa.