Yadda Lawan Leƙe Ya Rabu da Sanyin Motarsa

Shekara goma sha bakwai Lawan ya yi yana yanke wa motocin mutane hukunci kafin ya mallaki ko da taya ɗaya. Shi ne mai kula da sito a kamfanin takalman roba da muke aiki a Challawa. Tun yana zuwa aiki a kan wani tsohon babur da ba ya tashi sai an tura, ba a taɓa ajiye mota a bakin get ya wuce ta ba. Fenti bai dame shi ba, inji ma haka. Zai kifa tafukansa biyu a jikin gilashi, ya manna fuska, ya leƙa. A nan ya samo sunan Lawan Leƙe. Masu wankin mota na bakin get sun san shatin hancinsa a gilashi, har suna gane ranar da bai zo aiki ba.

Iliminsa na cikin mota ne zalla, kuma na ƙananan motoci, don ya ce manya ba sa bukatar alƙali. Yana da ma'auninsa. Na farko gwajin hula: in mutum ya zauna da doguwar hularsa rufin mota ya taɓa ta, to motar ta faɗi, ko nawa aka saye ta. Na biyu babbar riga, ko ƙofa za ta rufu ba ta cije ta ba. Sai kujerar baya. Motar kashiyanmu ya leƙa sau ɗaya ya ce in mutum uku suka zauna a baya, na tsakiya sai dai ya bar gwiwoyinsa a gida. Ta wani fomanmu kuwa ya ƙwanƙwasa dashbod ɗinta da ɗan yatsa, ya ce irin wannan robar muke zubarwa a bayan sito. Duk wannan bayani yana yin sa ne da hular kwano a hannu, ƙurar hanya ta yi masa gira ta biyu.

Wadda ta fi shan baƙar magana a wurinsa ita ce motar Sista Talatu, matar Yakubu mai kula da lantarkin kamfaninmu. 'Yar ƙaramar mota ce ruwan toka, esinta, wato na'urar sanyaya iska, ya daɗe da mutuwa, don farantin maɓallan da ke tsakiyar dashbod ya ƙone kuma an rasa irinsa. Lawan ya sa mata suna kwalin ashana. Ya ce wanda ya tsara cikinta bai taɓa ganin ɗan Adam a zaune ba. Da Allah ya hore masa abin sayen mota, irinta sak ya sayo. Tasa dai ja ce, kuma ya ce ba ɗaya ba ne.

Dalilin sayen motar ba boyayye ba ne, har mai shayin get ya san shi. Matarsa Hamida malamar firamare ce a Kumbotso, tana da asma, kuma daga gidansu a Sharada ba ta da hanyar zuwa makaranta sai ta gefen kamfanonin jima. Wanda bai taɓa bi ta wurin da zafin bazara ba, ba zan iya kwatanta masa warin da ke tashi daga lambatun nan ba. Mai lafiya ma riƙe numfashi yake. Shekara da shekaru tana bayan babur ta toshe hanci da hijabi, sau biyu ana sauke ta a bakin hanya tana neman iska. Ranar da za a je sayen mota abu ɗaya ta roƙa.

"Malam, ni ban ce kujerar fata ba, ban ce mai kyau ba. Wadda za a rufe gilashi a kunna sanyi mu wuce wurin nan, shi ke nan."

Aka samu. Motar ta zo daga Amurka da esi mai sanyi kamar cikin firij. Sati uku Hamida tana isa makaranta da numfashinta, abin shaƙarta yana ƙasan jaka ba ta ko neme shi ba. Da a ce labarin wani ne ba na Lawan ba, da a nan ya ƙare.

Matsalar rediyo ce. Rediyon da motar ta zo da shi daga kamfani yana aiki sarai, yana kama tashoshi, sai dai tsohon mai motar ya bar faifan sidi a ciki, ya maƙale, ba ya fita. Duk lokacin da aka murza makulli, kafin a danna komai, sai muryar wani Bature ta tashi a natse yana bayani. Lawan ya ɗauka wa'azi ne irin nasu. Kashiya ne ya saurara wata safiya, ya fassara mana: darasi ne a kan yadda ake kiwon kare. Yadda ake koya masa zama, da yadda ake hana shi fitsari a kan kafet.

Maɓalli ɗaya ake dannawa a koma tasha, ba wani aiki ba ne. Amma mutumin da ya shekara goma sha bakwai yana kushe cikin motocinmu ya faɗo hannunmu, kuma ba mu yi masa da sauƙi ba. Da ya zauna a bencin mai shayi sai wani ya gyara murya.

"Malam Lawan, yau an kai ina a karatu? An yaye kwikwiyon?"

"Ku bar shi, bita yake. Jibi zai fara ba da fatawa."

Ya daure kwana biyar. A na shida ya sanar da mu cewa dama rediyon kamfani na marasa ido ne, 'yan maɓallai kamar na kalkuleta, kuma shi zai sa babban allo irin wanda ake taɓawa da yatsa, mai kyamarar ribas, mai nuna taswira. Taswirar me, daga Sharada zuwa Challawa, hanyar da babur ɗinsa ma ya haddace, ba wanda ya tambaya.

Yakubu ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya ajiye kofinsa, ya je ya buɗe motar, ya duba, ya dawo.

"Malam Lawan, kada ka taɓa wannan farantin. Motocin yanzu ba irin na da ba ne da za ka zare rediyo ka cusa wani. Ka ga maɓallan esi a jikinsa suke, ƙwaƙwalwarsu ɗaya. In ka cire shi, sanyin ya tafi. Kawo ta da tsakar rana in ciro maka faifan, minti goma ne."

"Injiniya," in ji Lawan, "kai injin narka roba ka sani. Cikin mota fannina ne."

"To. Wa zai yi maka aikin?"

"Muntari riwaya."

Yakubu ya ce Allah ya taimaka, ya ɗauki kofinsa.

Muntari yana da rumfa a bakin titin Sharada, ya rataye sifiku da fitilu masu launi kamar mai tallan kayan biki. Sana'arsa haɗa wayar mota, abin da ake kira riwaya, sai dai a sanina riwayarsa ba ta taɓa inganta ba. Don a yi wa Lawan adalci, ya tambaye shi batun esi. Muntari ya ce wannan ƙaramin abu ne, allon da kansa yana da wurin esi, ga shi ma a hoton kwali, illa akwai wata 'yar na'ura da ke haɗa su, tana hanya daga Legas. Ya sa sukundireba ya ɓalle farantin, ya yanke wayoyin da suka ƙi shiga, ya naɗe su da baƙin salatif, ya dasa allo mai faɗin tiren shayi. Gefe ɗaya ya bar rami, ya cike shi da guntun soso. Da ya gama ya ɗaga tsohon farantin.

"Alhaji, wannan fa? A bar shi a bakin kuɗin aiki?"

Ba a taɓa kiran Lawan Alhaji ba sai ranar. "Ɗauka," ya ce, "har da karen."

Wannan ranar Asabar ce. Litinin da safe ya ɗauko Hamida. A watan Afrilu ne, ƙarfe bakwai da rabi rana ta riga ta fara aiki. Ta ga allo yana walƙiya da shuɗiyar fitila, da suka doshi kamfanonin jima sai ta juyo gare shi.

"Malam, kunna esin."

Ya taɓa allo. Hoton fanka ya fito, shuɗi, kyakkyawa, yana juyawa. Ya ƙara masa gudu, hoton ya ƙara gudu. Ta kara tafin hannunta a ramin iska, babu ko ɗigo. Gilashi a rufe motar ta zama tanda, ya sauke gilashi lambatu ya shigo ya zauna tare da su. Ga tirela ta tare hanya tana juyawa. Kafin su fita daga wurin ƙirjinta ya fara kuka, ta zazzage jaka a cinya tana neman abin shaƙa. Sista Talatu, wadda ke aiki a wani asibiti a can Kumbotso, ita ta zo wucewa ta gan su a gefen titi, ta tsaya, ta zauna da ita har numfashin ya daidaita, ta ƙarasa da ita makaranta. Lawan ya iso get shi kaɗai, ya yi ribas sau biyu ba dalili don mu ga kyamara.

Da yamma ya koma wurin Muntari. Na'urar tana hanya. Bayan sati, tana hanya. Bayan sati uku an ce motar da ta ɗauko ta ta lalace a Lokoja. A nan Lawan ya rage murya, ya ce to a mayar masa da tsohon farantin kafin ta iso.

"Ai Alhaji tun a ranar aka saye shi. Ko awa ɗaya ba ka yi da tafiya ba."

Ya zagaya kasuwar Ƙofar Ruwa rumfa rumfa, kowa ya ce irin wannan farantin sai an yi sa'a wata ta yi hatsari. Sai ya sayo 'yar fanka mai maƙali, ya ɗaure ta a dashbod kusa da allo, fanka biyu ke nan, ɗaya hoto ɗaya gaske. Ta gasken aikinta shi ne ta raba warin daidai tsakanin gaba da baya. Hamida ta gwada ta kwana ɗaya. Washegari ta ce masa daga yau za ta riƙa bin Sista, tunda unguwarsu ɗaya hanyarsu ɗaya. Lawan ya zo ya ba mu labari yana dariya, wai ta bar mota mai allo ta koma kwalin ashana, alhali can ma gilashi a sauke ne. Yakubu yana zaune yana tsoma burodi a shayi, bai ɗago ba.

Yakubu bas ɗin ma'aikata yake bi, shi ya sa motar matarsa ba ta cika tsayawa a get ba. Wata Laraba ya makara, ta kawo shi. Motar ta tsaya daidai bencin mai shayi, gilasai huɗu a rufe ruf, Hamida a gaba tana duba littattafan 'yan aji. Lawan ya miƙe, don ƙafarsa ba ta san wani abu ba in ta ga mota. Ya kifa tafukansa, ya manna hanci. Gilashin da sanyi. Yakubu ya buɗe ƙofar baya zai fito, iska mai sanyi ta biyo shi, tare da muryar wani Bature yana bayani a natse.

Kashiya ya saurara. "An zo kan wanka," ya ce. "Wai kada a bar ruwa ya shiga kunnensa."

Lawan ya daɗe yana kallon farantin a tsakiyar dashbod, da 'yan maɓallansa na kalkuleta.

"Injiniya, wannan ai farantina ne."

"Naka ne a da. Shekara biyu ina neman irinsa. Na gaya maka kada ka cire, ka ce fanninka ne, sai na bi bayanka ranar Asabar ɗin na tsaya a gindin bishiya har ka tafi."

"Kuma ba ka ciro faifan ba."

"Minti goma ne. Na bar shi ne don ka gane kayanka."

Lawan ya juya mana baya, ya sunkuya wajen taga, ya yi magana ƙasa ƙasa, amma bakin get ba wurin sirri ba ne. Ya ce a yi zumunci, a mayar masa, zai ba da allon da kyamarar da fankar duka. Yakubu ya ce motar ba tasa ba ce, a tambayi mai ita. Talatu ta sauke gilashi kaɗan.

"Malam Lawan, ni kwalin ashana gare ni, me zan yi da allo? Amma ba don kaina maigidana, Baban Naomi, ya yi saurin haɗa shi ba. Ga wadda abin ya shafa nan. In ta ce a cire, yau za a cire."

Hamida ta rufe littafin da take dubawa, ta sa jan biro a tsakiya. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, a bar shi inda yake. A nan ba mai cire shi."

Talatu ta ɗaga gilashi don kada sanyi ya fita, suka wuce.

An shekara biyu yanzu. Na'urar Legas ba ta iso ba, Muntari ma ya tashi daga rumfar ya koma sayar da cajar waya. Hamida ba ta sake tsayawa neman iska a gefen titi ba, kuma an ce ita da Talatu sun sauke faifan har sau uku. Lawan yana zuwa aiki shi kaɗai a jar motarsa, gilasai a ƙasa, hankici a hanci, shuɗiyar fanka tana juyawa a allo. Bai daina leƙe ba. Makon jiya wani sabon ma'aikaci da bai san tarihi ba ya nuna masa motar Sista tana wucewa, ya tambaye shi yaya cikin irin waɗannan yake. Lawan ya bi ta da ido har ta sha kwana, ya ce kujerun baya sun matse.