Ranar da Muka Je Ɗauko wa Barewa Miji

Tun daga ranar da jirgin nan ya tsaya bayan ruwan ɗufana, ban san wani bawan Allah da ya ɗauki ceton dabbobi da muhimmanci kamar kawuna, ƙanen mahaifiyata, ba. Sai dai nasa jirgin ba da katako aka ƙera shi ba. Zana ce da karan dawa da 'yar waya mai tsatsa, a bayan gidansa da ke gefen Rurum Sabon Gari, daidai inda gidaje suka ƙare gonaki suka fara. Mutanen gari suna kiran wurin gidan zu, rabi da gaske rabi da tsokana. Shi kuwa bai taɓa nuna ya ji tsokanar ba.

Kawu maharbi ne a ƙuruciyarsa, irin waɗanda suke ɗaura kan burtu a goshi su yi rarrafe cikin ciyawa har dabba ta ɗauka tsuntsu ne yake kiwo. Ya sha gaya mini cewa yana saurayi, idan ka hau duwatsun Rurum da hantsi sai ka hango bareyi garke-garke. Na taɓa tambayarsa ina suka tafi. Ya ce, "Wasu gona ta kore su. Sauran kuma mu muka cinye, har da uwarka, don ita ma ba ta mayar da kwano."

Da ya tsufa ya rataye bindiga, sai ya koma tara abin da ya rage. Duk wanda ya tsinci wata halitta a gona ya san inda zai kai ta. Akwai makwarwa da zabin daji a cikin keji, akwai gauraka mai karyayyen fiffike da take takawa kamar matar hakimi, da bushiya, da wani biri marar kunya da ya tsani masu farar hula, da wani tsohon kunkuru wanda ban taɓa ganin ya yi wani abu ba. Amma duk waɗannan 'yan rakiya ne. Mai gidan ita ce barewa.

Wani makiyayi ne ya kawo masa ita daga wajen Zinyau tana jaririya, bayan tarko ya kashe uwar. Kawu ya raine ta da nonon akuya. Ya yi mata shinge nata daban, da rumfa, da ƙofa mai sakata. Iya saninsa, kuma ba a cika yi masa musu a wannan fage ba, ita ce barewa ta ƙarshe da aka haifa a dajin ƙasarmu.

Ni a lokacin ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Rano, kuma nakan kai ɗalibai su gan ta. Yara ne da suka san barewa a waƙa da tatsuniya da hoton littafi, amma ba su taɓa haɗa ido da ita ba. Sai ka ga ajin da ba ya shiru ko a ɗakin jarrabawa ya yi tsit a bakin shinge. Wannan bai hana ni yi wa Kawu lacca ba, domin mutumin da ya karanta littattafai kaɗan yana bukatar wanda zai juye wa. Na ce masa dabba a keji fursuna ce. Na ce gidajen zu na gaskiya ba don kallo kawai ake yin su ba, ana ajiye dabbar da ta kusa ƙarewa ne a sa ta hayayyafa, sannan a mayar da 'ya'yanta daji.

Ya ce, "Wane dajin, Malam?" Haka yake kirana idan yana so ya rage mini tsawo. "Nuna mini shi in kai ta yau. Na wajen Lausu da ya koma gonar masara, ko na bayan dutse da ya koma gawayi?"

Sai na ƙara murya. Ya bar ni na gama. Amma a duk abin da na faɗa kalma ɗaya ta zauna masa, wato hayayyafa. Ya kalli barewar tana cin harawa, can ya ce, "Ka ga wannan kam magana ce. Ashe bokon naka ba duka ne iska ba."

Daga nan neman miji ya tashi. Ya ɗauke mu lokaci mai tsawo, har muka ji labarin wani Alhaji, ɗan kasuwar hatsi a Kibiya, da ya sayo namijin barewa daga can arewa mai nisa ya ajiye a gidansa don ado, tare da dawisu. Kawu ya yi ta sintiri. Alhaji ya ƙi, ya ƙi, daga baya ya gaji da gaisuwar tsoho ya yarda zai ba da aro, kamar yadda ake ba da aron rago.

Bayan an gama girbi ne, ko'ina ka duba kara a tsibe, ciyawa ta bushe ƙayau. Muka ɗauki shatar mota akori-kura da safe, ni da Kawu da direba. Kawu ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya kuma riƙo ƙullin goro. Da muka isa Kibiya, Alhaji ya ga goron, sai ya fashe da dariya.

"Baba, ashe da gaske neman aure kuka zo! To ina waliyyin amarya?"

"Ga ni," in ji Kawu.

"Wannan fa?" Ya nuna ni.

"Shi ne mai shaida. Ya yi karatu, ba ya iya komai sai shaida."

Kama angon ya ba mu wahala. Sai da aka rufe masa ido da tsumma, aka shimfiɗa buhuna a bayan mota, sannan ya kwanta yana rawar jiki. Kawu ya ƙi shiga gaba, ya zauna a baya da babbar rigarsa yana shafa masa wuya. A hanya ina jin muryarsa ta taga yana lissafa inda zai faɗaɗa shinge idan an haihu. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba.

Mun wuce Rano, rana ta take tsaka, sai direba ya nuna gaba da haɓa ya ce, "Wani yana ƙona gona." Hayaƙi ne baƙi, ya miƙe sama kamar an kafa shi. Na ce lokacinsa ne. Muka ci gaba. Da muka ƙara matsowa sai na lura muryar Kawu ta ɗauke. Sai kuma ya buga rufin mota da tafin hannu, ya ce, "Taka ta! Don Allah taka ta!"

Na sha karanta labarin gobara, amma ba wanda ya taɓa gaya mini yadda wuri yake ƙanƙancewa bayan ta. Gidan zu ɗin da nake zagayawa da ɗalibai kusan rabin yini, yanzu ɗan fili ne baƙi da za ka ƙetare da 'yan taku. Babu zana, babu rumfa. Wayar kejin tsuntsaye ta lanƙwashe, a cikinta wasu ƙananan dunƙule-dunƙule da na ƙi tsayar da ido a kansu. Warin ƙonannen gashi ya cika ko'ina. Maza da mata suna tsaye da bokitai, sun yi nasarar tare wutar kafin ta kama gidan kwana. Wani ya ce biri ya tsinke igiya ya hau dutse. Wani ya ce gauraka ba ta fita ba.

Kawu ya diro daga mota kamar ba tsoho ba. Bai kalli kejin ba. Ya nufi inda shingen barewa yake, ya tarar da ƙofar a karye a ƙasa, ciki babu komai. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya juyo ya ce, "Ta fita? Ta gudu?"

Sai maƙwabcinsa mahauci ya ratso mutane. Ƙato ne, mai fara'a, ya sha kawo wa Kawu dusa kyauta. Hannunsa na dama a naɗe da tsumma, wuta ta sale shi har gwiwar hannu. Fuskarsa duk toka, amma tana ɗauke da annurin mutumin da ya zo da albishir.

"Baba, kwantar da hankalinka. Ni na fasa ƙofar. Na shiga cikin hayaƙin na sungumo ta, wallahi ban ma san wuta ta ci ni ba sai daga baya."

"Allah ya yi maka albarka. Tana ina?"

"Da na fito da ita ta zube, tana ta haki, ido ya juye. Jama'a suka ce a yi sauri. Alhamdu lillahi, Baba, mun same ta da sauran numfashi. Ba ta yi mushe ba."

Na ji maganar sarai, kowace kalma. Amma sai da na bi hannunsa da kallo zuwa gindin wata ɗorawa sannan ta shiga kaina. An shimfiɗa buhu mai tsabta a inuwa. An feɗe ta, an gyara naman tsaf irin aikin gwani, an jera, an rufe da ganye saboda ƙuda. Ko tsoka ɗaya ba a taɓa ba, ana jiran mai ita. Kan yana gefe, idanun nan nata manya a buɗe.

Na zauna a kan toka da wandon zuwa aiki. Kawu kuwa ya taka a hankali ya ɗauki fatar, ya baza ta a kan gwiwarsa. Ya bi ta da tafin hannu daga wuya zuwa gindi, ya sake bi ta baya yana tayar da gashin. Ya shinshina. Ya juya ta.

Ya ce, "Wuta ba ta taɓa ta ba."

Mahauci ya ce, "Baba, hayaƙin fa..."

"Ko gashi ɗaya bai ƙone ba. Hayaƙi ta sha, da tsoro. Haka suke. Na sha ganin barewa ta zube kamar ta mutu, in ka ba ta inuwa ka yayyafa mata ruwa ta miƙe ta bar ka a tsaye."

Ban taɓa ganin annuri ya bar fuskar mutum da sauri haka ba. Mahauci ya dubi hannunsa mai ƙuna, ya dubi jama'ar da suka ce a yi sauri, kowa ya sunkuyar da kai. Can mahaucin ya durƙusa ya ce, "Baba, wallahi don kada ka yi asara biyu ne."

"Na sani," in ji Kawu. "Je ka a duba hannun nan."

Abin da ya fi girgiza ni, kuma har yau bai sake ni ba, shi ne babu mugu ko ɗaya a wurin. Dukkanmu haka aka raine mu: dabba ta kwanta tana haki, a nemo wuƙa kafin rai ya fita. Tausayi ne ga mai dabba, kuma kiyaye dukiya ne. Da akuya ce da an yi wa mahauci godiya har gida. Da ina wurin, da takarduna da laccata, ban da tabbacin ba zan ce a yi sauri ba. Ga kuma musuna da Kawu, wanda wuta ta yanke mana hukuncinsa ta hanyar da ban so ba. Makwarwar da take sake a gona ta tashi ta tsira, ta cikin keji ta ƙone. Na yi gaskiya ke nan, kuma ban taɓa jin gaskiya marar daɗi irin wannan ba. Amma shi ma ya yi gaskiya, domin ba don zanar nan tasa ba da an cinye barewar tun tana jaririya, da kuma ɗaruruwan yara sun girma suna zaton ƙirƙirarta aka yi don a cika waƙa.

Muna cikin haka sai aka ji ƙwanƙwasa daga bayan mota. Angon ne yake harbin ƙarfe da kofato, ido a rufe. Duk mun manta da shi. Direba ya matso yana murza hula, ya rasa yadda zai fara, ya ce, "Baba, shi wannan... a sauke shi?"

Kawu ya ɗago kai ya dubi motar. Sannan ya ce, "Mayar wa Alhaji kayansa. Ka ce na gode. Ka ce an fasa."

Naman ya ce a raba wa waɗanda suka kashe wuta, halal ne, ai an yi ƙoƙari. Wasu suka karɓa a kunyace, wasu suka sulale. Shi bai ci ba. Ya naɗe fatar ya shiga gida da ita, har yanzu da babbar rigar Juma'a a jikinsa. Bai sake kafa zana a wurin ba. Da yamma aka ga wani abu yana motsi a cikin toka, ashe kunkuru ne ya fito daga ramin da ya shige, yana tafiyarsa kamar an yi masa ƙaramar hayaniya a ƙofar gida. Shi kaɗai Kawu ya ci gaba da ciyarwa.

Washegari aka yi ta zuwa jaje. A cikin masu zuwa har da mai gonar da take manne da shingen, dattijo ne mai iyali, ya zo yana hawaye ya faɗi yadda aka yi ba tare da an tambaye shi ba. Gafiya ce ta dame shi da ɓarnar gyaɗa. Ya gano raminta a gindin tsibin kara, ya cusa tsumma mai wuta don hayaƙi ya koro ta, iska ta juya. Kawu ya ce ƙaddara ce, Allah ya kiyaye gaba, aka shafa.

Da mutumin ya tashi na raka shi bakin ƙofa, domin akwai tambayar da ta hana ni sakat. Na ce, "To, gafiyar fa?"

Ya ce ta fita ta wani ramin.