Raƙumin Malam Maccido

Idan ka tambayi dattawan Illela wa ya fara koya musu karatun boko, sai sun yi dariya tukuna kafin su ce maka Malam Maccido Raƙumi. Ba tsawo ne ya jawo masa laƙabin ba, don mutumin gajere ne, kakkaura, mai faɗin baya. Faɗin bayan nan ne ma silar komai.

Ubansa, Alhaji Lauwali, falke ne mai kai goro Konni, kuma ya so ɗansa na fari ya gaje shi. Ina! Ranar da aka fara aiken Maccido da huhun goro, a bakin kasuwar Konni aka tsince shi ya saki baki yana kallon yara suna langa, goro kuwa yana can cikin rana yana yaushi. Alhaji ya ce wannan ba na kasuwa ba ne, a kai shi boko ko can ya yi amfani. Ya kuwa yi. Shekarar da aka sami 'yancin kai ya dawo daga makarantar horon malamai ta Sakkwato, aka ba shi aji ɗaya, ajin da kowane malami ke gudu saboda majina da kuka. Shi ko kamar an ba shi sarauta.

A shekarar ya auri Shafa'atu, Allah ya ba su 'ya mace, aka sa mata Ramatu. To, 'yar fari ce, kuma gidan Alhaji Lauwali ba a wasa da kunyar ɗan fari. Uba ba ya kiran sunan, ba ya ɗauka, ba ya ko yi mata dariya a gaban mutane. Da aka yaye ta, sai ɗakin kakarta, Inna Tasalla, mahaifiyar Maccido. Ita kuwa Inna a nan ta fi kowa tsanani, don Maccido kansa bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. “Wancan” take ce masa, in ta ga dama ta ce “mutumen makaranta”.

Ramatu na da shekara huɗu aka zaɓi Maccido ya tafi jami'a a Zariya, ya yi kwas a kan tarbiyyar ƙananan yara. Da labari ya bazu, 'yan canjin bakin tasha suka tare shi.

“Malam, mi za ka karanto? Likita ko alƙali?”

“Yara.”

“Mi? Yara? Waɗanga da munka rasa inda za mu kai su? Ka zo gidana in ba ka bakwai kyauta, ba sai ka hau mota ba!”

Bai kula su ba, ya tafi. A can aka cika masa kai da karatu, amma abin da ya fi zauna masa kaɗan ne. In za ka yi wa yaro magana, ka durƙusa idonka ya yi daidai da nasa, ka kira shi da sunansa. Sannan abin da yaro ya kasa faɗa da baki, a wasa yake faɗa, kai dai ka yi shiru ka kalla.

Da hutu ya zo, malamarsu ta ce kowa ya koma garinsu ya tara yaran da ba su isa makaranta ba, ya yi ta wasa da su, ya dawo ya ba da labari. Maccido ya share gindin darbejiyar ƙofar gidansu, ya tara gwangwanaye da karan dawa da ƙwallon goruba. Amma wasan da ya tashi garin shi ne raƙumi. Sai Malam ya naɗe riga, ya dafa ƙasa da hannuwa da gwiwoyi, yaro ya haye baya, shi kuma ya yi ta gurnani yana rangaji, wai sun tafi Agadas ɗauko gishiri. Masu jakai da ke wucewa Konni sukan tsaya su riƙe haɓa su ce, “To, jami'a ke nan.” Alhaji Lauwali dai sauya hanyar masallaci ya yi.

Ramatu ma ta fito ta shiga layi. Malam take ce masa, yadda ta ji sauran yara na faɗa. Yana ta kira: “Idi, hau! Mukhtari, riƙe da kyau! Ummu, taho!” Da layi ya zo kanta, ya ɗaga kai, ga dattawa a kan dakali, ga inuwar Inna a bakin zaure. Sai raƙumi ya kwanta.

“Raƙumi ya gaji,” in ji shi, yana kallon ƙasa.

Washegari ta sake shiga layi, raƙumi ya taka ƙaya. Ranar da ta biyo baya ƙishirwa ce ta kama shi. Kai, raƙumin nan ya ga ta kansa da cututtuka, kuma duk a kan mutum ɗaya suke tashi. Daga nan Ramatu ta daina fitowa.

Wata rana da hantsi ya shiga gida neman igiya, sai ya ji murya a bayan rumbu. Ya leƙa. Ramatu ce ita kaɗai, ta jera ƙwallayen goruba a layi, ta ɗauko tsohon takalminsa ta mai da shi raƙumi. Tana kumbura murya irin tasa: “Idi, hau! Ummu, taho!” Kowane ƙwallo sai ta ɗora shi a takalmi ta zagaya da shi. Akwai wani ɗan ƙarami da ta ware gefe guda. Da ta gama da sauran, ta juya ta dube shi.

“Ke tsaya can,” ta ce. “Raƙumi bai san ki ba.”

Wallahi maganar nan ta soke shi. Ga abin da ya tafi har Zariya ya koyo, an shimfiɗa masa a bayan rumbun gidansu: 'yarsa ta yanke cewa ubanta bai san ta ba. Kuma hutu ya kusa ƙarewa. In ya koma a haka, da wannan za ta girma.

Ya sami Inna tana dama fura, ya durƙusa ya gaishe ta, ya kwashe abin da ya gani ya faɗa mata. Ba ta dube shi ba, ƙwaryar ta yi wa magana.

“Shi mai maganar, ba haka anka yi mai ba? Mi ya same shi? Ga shi har jami'a ya tahi.”

“Haka ne, Inna,” ya ce. “Amma har na shiga makaranta ina tsammanin Gwaggo Jamilatu ce ta haife ni.”

Gwaggo Jamilatu ƙanwar Alhaji ce, ita ta goya shi kafin aure ya kai ta Konni. Ludayin Inna ya tsaya cak. Shi kuwa ya tashi ya fita jiki a sanyaye, yana ganin ya yi rashin kunya a banza.

Da safe Inna ta ƙwala wa Shafa'atu kira, da ƙarfi yadda duk gidan zai ji. “A gaya ma wancan akwai daddawa da za a kai ma Jamilatu. Shi tahi da yarinyar ga, ta ishe ni da ƙiriniya.” Shafa'atu ta toshe baki da gefen zane, don yarinyar da ake cewa ta ishi mutane ta kwana biyu ko tari ba a ji ta yi ba.

Aka ɗora Ramatu a bayan keke. Sirdin ta riƙe, ba ta yarda ta taɓa rigarsa ba. Suka wuce 'yan kwastan na Illela, kafin su kai wurin jandarmomin Nijar, a tsakiyar gonakin gero, Maccido ya taka birki. Ya duba gabas, ya duba yamma, sai ka ce ɗan fasa-ƙwauri. Ya sauke ta, ya durƙusa har idonsa ya yi daidai da nata. Bakinsa ya yi nauyi, amma ya daure.

“Ramatu.”

Ta waiga bayanta ta ga ko da wata ake. Babu kowa sai gero. Ta juyo ta ƙura masa ido.

“Wa ya gaya maka?”

Hawaye suka kawo masa, ya mayar da su da dariya. “Ba wanda ya gaya mini. Ni na zaɓe shi, ni na raɗa ma liman ranar suna.”

Ta auna maganar. “To mi ya sa raƙumi ke gajiya?”

“Raƙumin Illela ne ke gajiya. Na nan wurin ba ya gajiya. Ramatu, hau!”

Ranar an je Agadas ba adadi. Gwiwoyin wandonsa suka huje, hula ta faɗi cikin gero, ita kuwa tana ta ƙyalƙyala dariya tana dukan haƙarƙarinsa da dunduniya. Suna cikin haka Abu mai jakai ya ɓullo daga Konni da kayan kanwa, ya tsaya ya kalli abin mamaki, ya kora jakansa da sauri. Kafin daddawa ta isa hannun Gwaggo Jamilatu, duk Illela ta ji, kuma daga ranar sunan Raƙumi ya bi Malam har kabari.

Ya gama karatunsa ya dawo, ya ci gaba da riƙe aji ɗaya har ya tsufa. An yi masa tayin hedimasta ya ce a kai kasuwa. A gaban manya kuwa “yarinyar ga” ya ci gaba da cewa har Ramatu ta girma, sai dai daddawar Gwaggo Jamilatu ba ta taɓa yankewa ba, ko an kai jiya za a kai yau.

Amma mu koma ranar farkon. Da la'asar suka dawo, Ramatu ta dire daga keke ta ruga ɗakin kakarta.

“Inna! Inna! Ashe Baba ya san sunana!”

“Madalla,” in ji Inna.

“Ke kin san nashi?”

Maccido yana tsakar gida riƙe da keke, ƙato da shi, ɗan jami'a, gwiwa a waje, ya kasa gaba ya kasa baya. Ya ji kansa yana jira kamar ƙaramin yaro a layi. Inna ta daɗe tana juya ludayi.

“Na sani mana,” ta ce. “Kullum sai na faɗe shi bayan kowace salla. Ku ne ba ku ji.”

Sannan ta turo ƙwaryar fura bakin ƙofa, ba tare da ta ɗaga kai ba.

“Ungo, kai ma wancan. Ya sha rana.”