Gyaran Sabulu da Zanuka Goma Sha Biyu

Abu uku ne a gaba a shekarar nan: motar rabon kaya mai tambarin kamfani, kaya a farashin ƙofar masana'anta, da ikon raba wa duk ƙananan diloli tun daga Bata har Kwaciri. Kamfanin sabulun da muke ɗaukar kayansa ya ce babban dila ɗaya zai naɗa a yankinmu. Mu biyu ne muka isa nema, ni da maƙwabcin shagona a Sabon Gari, wani Alhaji Bayarabe haifaffen Fagge, wanda Hausarsa ta fi tawa gishiri.

Tare muka fara, da tebur, a bakin titi ɗaya. Na riga shi kama shago, na riga shi yin sito. Amma komai nasa a natse yake fitowa, kuma wannan natsuwar ita ke cina. Ni ina ta waya ina haki, shi yana zaune yana ɓare gyaɗa, ciniki na zuwa.

Sharaɗin kamfani shi ne kowa ya riƙa nuna rahoton cinikinsa a kwamfuta, da zanukan da ke nuna hawa da sauka. Mace ɗaya ce ta iya aikin a kusa da mu, wata Malama 'yar wajen Zariya da ta bar aikin gwamnati ta buɗe ofis a bayan cocinsu. Mu duka ita muka ɗauka.

Ta ce min, “Alhaji, hanya biyu ce. Ko in yi lissafin kowane zane a cikin zanen kansa, wannan da sauri, gobe ma ka gani. Ko mu zauna tukuna mu tsayar da ma'auni: mene ne ciniki, mece ce riba, a rubuta sau ɗaya a ajiye, kowane zane ya ɗebo daga can. Kamar mudu ɗaya a rumfa, kowa da shi ake auna masa.”

Na ce, “Shi wancan wacce ya zaɓa?”

“Ba na kai zancen wani shago wani shagon.”

Ban buƙaci ta faɗa ba. Na leƙa na gani da idona. Makonni sun wuce, fuskar kwamfutarsa zane huɗu kacal, duk launi ɗaya kamar rigar asibiti. Na ce masa, “Alhaji, kuɗin tawada ne ya ƙare?” Ya yi dariya ya ce, “Ni idona tsoho ne, ba ya son biki.” Sai na zaɓi hanyar sauri, na ƙudura sai na ninka shi uku.

Ba zan ce ba ta yi min amfani ba. Ranar da nake son sanin wane sabulu ya fi tafiya wajen masu wanki da guga, kafin la'asar an fitar min, na ƙara odarsa, na ci riba. Shi a lokacin yana can suna ta gardama da Malama a kan ma'anar kalmomi. Har tausayinsa na ji.

Inda abin ya shige mana duhu shi ne gyara. A kasuwarmu, wanda ya ɗauki kaya da yawa ba ya tafiya haka nan, sai ka ɗora masa katan ɗaya ko rabi, ka ce na yara ne. Ni hannuna a sake yake wajen gyara, da shi na riƙe mutane. Duk sanda na je neman sabon zane, Malama sai ta tambaya, “Gyara fa, ina za a sa shi?” Ni kuwa amsar ranar nake bayarwa. A zanen kayan da suka fita na ce a ƙirga shi, ai ya bar sito. A zanen riba na ce a cire, ai ba a biya ba. A na kwastomomi na ce a raba biyu, don wasu rabin kuɗi suke ba da shi. Kowace amsa daidai ce a wurinta. Ta taɓa ce min, “Alhaji, zanukanka ba sa gaisawa da juna.” Na ce ba zumunci na aike su ba.

Ranar tantancewa, manajan yankin ya tara mu a shagon maƙwabcina, don ya fi fanka mai kyau. Wannan ma ya sosa min rai. Ni na fara. Manaja ya yi ta gyaɗa kai, zanuka goma sha biyu, ja da kore da ruwan ɗorawa. Sai ya ce kamfani ba ya ƙirga gyara a ciniki, kowa ya cire shi a nuna masa abin da ya rage.

Malama ta zauna gaban kwamfutar maƙwabcina, ta taɓa wuri ɗaya. Zanukan nan huɗu suka sauka tare, kamar sahun salla ya yi ruku'u. Ta dawo tawa, ta buɗe zane na farko ta gyara, ta buɗe na biyu, ta tsaya a na uku tana tambayata ko rabin nan da muka ce yana nan. Manaja ya duba ya ce, “Alhaji, a wata ɗaya na ga ciniki kala uku. Wanne zan kai sama?”

Na ce, “Duk gaskiya ne.”

Ya ce, “Na yarda. Amma ɗaya ake kaiwa.”

Maƙwabcina ya miƙo min gyaɗa. Da ya yi min dariya ma da ya fi min sauƙi.

Abin da ya fi ƙona ni, bayan Malama ta tsayar min da ma'auni ɗaya daga baya, sai ga shi cinikina ya ɗara nasa ko an cire gyara. Na ɗauki kwamfutar na kai masa ya gani. Ya ce, “Ai na sani, ina ganin masu dako a ƙofarka. Kai ne ba ka sani ba.”

Yanzu hanya biyun duk ina amfani da su. Tambayar da zan yi sau ɗaya in wuce, a cikin zane ake lissafa min ita, ba na ɓata lokaci. Amma duk kalmar da wani zai iya tsayar da ni a kanta, ciniki, riba, gyara, kayan da aka dawo da su, tana da wurin zamanta guda.

Lissafin ƙarshe kuwa ga shi. Na samu rahoton da ba ya musu da kansa, na kuma gano gyarana ya fi ƙarfin ribar wasu kwastomomin, na rage hannu. Na rasa wakilcin, maƙwabcina aka naɗa. Sabulun da nake sayarwa yanzu daga sitonsa yake fitowa, ɗan abin da yake ɗorawa a kowane katan daga aljihuna yake fita. Yana yi min gyara mai kyau, ban taɓa ƙi ba, ban kuma taɓa jin daɗin karɓa ba.