Ranar da Inna Hasana Ta Ƙi Sa wa Ramla Likkafani

Inna Hasana ba ta fara komai da safe sai ta leƙa bokitinta. Yana nan a bayan ƙyaure, da buta a ciki, da ƙullin garin magarya, da kafur, da wankakkun ƙyallaye a ninke. In ta ga komai na nan, sai ta share tsakar gida, ta ba awaki dusa, ta zauna shan koko da kunne ɗaya a ƙofar gida. Sallama iri biyu ce a wajenta. Akwai ta mai neman aron turmi, akwai kuma wadda muryar mai yinta ke karyewa a tsakiya. In ta ji ta biyun, ko kokon ba ta ƙarasawa. Shekara talatin da ɗoriya ta yi tana yi wa matan ƙauyenmu, nan bayan garin Ƙofa, wankan ƙarshe. Bana sanyin ƙashi ya ƙage mata yatsu, ta ajiye aikin. Ba wanda ya tara mutane saboda ita, ba wanda ya miƙe a masallaci ya ce Allah ya saka mata. Wannan shirun ne ya ci mini rai.

Wankan gawa aikin mutum biyu ne, ɗaya na zuba ruwa, ɗaya na wankewa. Mai zuba wa Inna Hasana ruwa ita ce Goggo Barakatu, Bafillatana daga rugar da ke gefen fadama, doguwa, mai ƙarancin magana da yawan harara. Tun suna da ƙarfinsu suka haɗu a gidan wata rasuwa, hannu ya zo ɗaya, ba su sake rabuwa ba.

Abin da ya fi haɗa su bayan aikin, abin dariya ne. Akwai gidan rediyon da ke karanta littattafan bincike bayan la'asar, irin waɗanda za a tsinci gawa a ɗakin otal, jami'ai biyu su zo da tabarau su yi ta tambaya har su kamo mai laifi. Tsofaffin nan biyu ba sa bari ya wuce su. Su baje tabarma, su sa rediyon a tsakiya, su yi ta musu.

"Direban ne," in ji Inna Hasana. Kullum ita direba take zargi.

"Ke Bahaushiya, ba ki da ido. Matar ce. Ba ki ji yadda ta yi saurin kuka ba?"

A ƙarshe sai ya fito ƙanin mamacin ne. Ban taɓa jin sun canka daidai ba ko sau ɗaya. Matan unguwa suka raɗa musu Sufeto da Sajan, su kuwa suna amsawa suna dariya.

Shekarun baya, da kaka, ana tsakiyar karyar masara, aka aiko musu da hantsi cewa Ramla ta rasu. Ramla matar Balarabe ce, dillalin hatsi a kasuwar Bebeji, mutum mai farar riga da sahun gaba a masallaci. Jiya-jiya aka gan ta tana shanyar kuɓewa, lafiyarta ƙalau. Kafin su ƙarasa gidan, labari ya riga su: mayya ce ta kama ta. Balarabe da bakinsa ya ce ta tashi tana riƙe maƙogwaro tana kiran sunan Luba.

Luba maƙwabciyarsu ce, mijinta ya mutu, ba ɗa ba jika, sana'arta daddawa. Hayaƙin dahuwar kalwa ya jajanta mata ido, ga ta da magana ita kaɗai in tana aiki. Kuma an ji ta jiya ta kan katanga tana ce wa Ramla, "Kin yi kyau, yarinyar nan." Shi ke nan hujjar. Ƙauye guda na mutane masu salla da azumi, wannan ya ishe su.

Inna Hasana ta shiga ɗakin, ta yi addu'a, ta yaye mayafin. Wuyan Ramla a shafe yake da wani baƙin kwaɓi mai warin tafarnuwa. Gwaggon Balarabe, da ke tsaye a bakin ƙofa, ta ce maganin mayu ne Balarabe ya shafa mata, ko Allah zai sa ta tashi.

"Ku yi sauri dai, Hasana," ta ce. "Maza na jira, rana na yi. Wuyan nan ma ba sai an dirza ba."

"Ja mana ƙofar, Hajiya."

Goggo Barakatu ta shigo da ruwan ɗumi tana yatsina fuska. Suka fara yadda aka saba, alwala tukuna, sannan gefen dama. Ruwa ya sauka a wuya, baƙin ya bi shi ya gangara tabarma. A ƙarƙashinsa ga wani zane ja ya zagaye wuyan, da murɗe-murɗe a jikinsa. Inna Hasana ta tsaya. Ta kama hannun yarinyar don ta tsabtace farce kamar yadda take yi wa kowa, sai ga wasu siraran zaruruwa shuɗaye cushe a ƙarƙashin farcen, biyu ma sun karye.

Ta ɗaga ido. Goggo Barakatu ta sunkuya ta daɗe tana kallon wuyan.

"Na ɗaure maruƙa tun ban yi wayo ba," ta ce a hankali. "Wannan sawun igiya ne."

"Wace igiya ce shuɗiya?"

"Ta guga. Da na je jan ruwa, sabuwar igiya na tarar, fara, ko jiƙewa ba ta yi ba. Da na je murhu kuma warin roba ya cika mini hanci." Ta kwance bakin zaninta. Guntun igiyar roba ne shuɗi, gefe ɗaya ya narke ya dunƙule. "A cikin toka na ga shi. Na ce wane ne zai ƙone igiya mai kyau haka."

Inna Hasana ta dubi guntun igiyar, ta dubi farcen yarinyar. Wadda ta koya mata aikin nan ta yi mata gargaɗi tun ranar farko cewa duk abin da ta gani a ɗakin wanka, a ɗakin zai tsaya. Malamai ma haka suke faɗa, wanda ya wanke mamaci ya rufa masa asiri yana da lada babba. Ta riƙe wannan amana tsawon rayuwarta. Ta ga tabon duka, ta ga cikin da ba a san da shi ba, ta ga cutar da dangi ke ɓoyewa, ba ta taɓa faɗa wa ko filonta ba. Da wannan shirun mata suka yarda da ita. Ta sani sarai in ta buɗe baki yau, ta rufe wa kanta ƙofofin gidajen garin.

Sai ihu ya taso daga bayan katanga. Samari ne a ƙofar gidan Luba, ana jifan kwanon ɗakinta, wani na kiran a kawo fetur daga babur. Ana jin muryar Luba can ciki, ta kulle kanta, tana salati tana rantsuwa.

Gwaggon Balarabe ta turo likkafani ta ƙasan ƙofa. "Ga shi nan, an ɗinke."

Inna Hasana ta kalli farin ƙyallen. In ta naɗe yarinyar nan, kafin azahar ƙasa ta rufe wuyan da farcen, kafin la'asar kuma Luba ta zama gawayi. Ta tura likkafanin gefe da ƙafarta.

"Zauna a kanta, Barakatu. Ko uwar da ta haife ta ce ta zo, kada ki bari a taɓa."

"Je ki. Mai shigowa sai ya tsallake ni."

Waɗanda ke ƙofar gidan ranar har yau suna ba da labarin. Mace ta fito tsakiyar maza, hannun rigarta a jiƙe, tana warin kafur, ta durƙusa gaban Liman Abdulganiyu.

"Allah gafarta Malam, ba zan sa mata likkafani ba."

Liman ya ce, "Subhanallahi. Hasana, lafiya?"

"Ba lafiya ba. Yarinyar nan shaƙe ta aka yi da igiya. Ba mayya ba ce."

Balarabe ya zabura. "Tsohuwar nan ta haukace! Malam, ka ji tana tona asirin gawa a gaban jama'a?"

Liman ya sassauta murya. "Hasana, kin san hukuncin mai wanka. Amana ce."

"Na sani, Malam, a bakinku na ji. Cewa kuka yi mu rufa wa mamaci asiri. Ban taɓa jin kun ce mu rufa wa wanda ya kashe shi ba. Ga mahaifinta nan zaune, muharraminta ne. Ya shiga ya gani da idonsa. In ƙarya nake yi, ku haɗa ni da Luba ku ƙone."

A yi wa Liman adalci, bai daɗe yana tunani ba. Ya dafa Malam Ɗanjuma, mahaifin Ramla, ya ce ya shiga. Tsohon ya shiga da ƙafafunsa, ya fito ana riƙe da shi. Bai yi kuka ba. Ya nuna surukinsa da guntun igiyar nan. Liman ya tattare babbar riga ya nufi gidan Luba da gudu, dattawa na biye da shi. Sun tarar wuta ta cinye dangar gidan, ta kama ƙofar ɗakin. Aka ɓalle taga aka jawo ta, hannunta na hagu ya ƙone har gwiwa.

'Yan sanda suka zo, likita ya tabbatar da abin da tsofaffin suka gani. A kotu a Kano Balarabe ya amsa laifinsa. Ramla ta gaji da duka ne, ta ce za ta tafi gida ta faɗa wa iyayenta, shi kuma ya ga girmansa zai zube a gari. Saboda farar riga aka kashe ’yar mutane, aka kuma nemi a ƙone wata da ranta.

To, me muka yi wa matan da suka hana? A littattafan da muke rububin saurare, nan ne ake kiran jami'an biyu a ƙara musu girma, a tafa musu. Mu kuwa sai muka juya musu baya. Dangin Balarabe suka daina gaishe su, wannan ba abin mamaki ba ne. Abin takaicin sauran gari ne. Mata suka fara raɗa cewa Hasana ba ta da amana, in ta wanke ki sai ta kai labarin jikinki zaure. Gidaje da yawa suka koma ɗauko mai wanka daga wani ƙauye a kan babur. Sufeto da Sajan da ake faɗa da dariya ya koma abin da ake jefa musu a bakin rijiya da murguɗa baki. Samarin da suka kawo fetur yanzu magidanta ne, wasunsu har da gemu, ba wanda ya taɓa taka ƙofar Luba ya ce ta yafe masa. Muna son mai tono gaskiya in yana cikin rediyo. In maƙwabcinmu ne, tsoronsa muke ji, don kowa ya san abin da ke ɗakinsa.

Inna Hasana ba ta yi zuciya ba, ni ne nake yi mata. Ta ci gaba da zuwa inda aka kira ta, yawanci gidajen da ba su da kuɗin babur. Na taɓa jin wata ta tambaye ta ko ta yi nadama. Ta ce, "Nadama ɗaya nake yi. Da na fito tun ina ganin wuyan, da hannun Luba bai ƙone ba."

Ke ce, Inna, kika san inda amana ta tsaya da inda zalunci ya fara, a lokacin da masu rawani ke kallon ƙasa. Ke ce kika wanke iyayenmu mata da hannu mai taushi, kika warware musu kitso kamar za su ji zafi. Kin riƙe asirin ɗaruruwan mata, kin saki guda ɗaya don ki ceci rai, sai muka manta ɗaruruwan muka riƙe ɗayan. Uwar marasa gata, mun ci amanarki, ba ke kika ci tamu ba.

Bara da damina Goggo Barakatu ta rasu a ruga. Inna Hasana ta ɗauki bokitinta ta tafi a ƙasa, tana dogara sanda. 'Ya'yan marigayiyar mata suna aure nesa, ba su iso ba, matan rugar kuma yara ne, tsoro ya hana su shiga. Daga cikin gari ba macen da ta biyo ta. Ta durƙusa ita kaɗai a gaban ƙawarta, ta ɗauki buta, yatsun suka ƙi riƙewa, ruwan ya zube mata a cinya. Ta sake gwadawa, ya sake zubewa. Ta zauna tana kuka, abin da ba a taɓa gani ta yi a ɗakin wanka ba.

Sai aka ɗaga asabarin ƙofa. Luba ce, ta tsufa, ta ranƙwafa. Ba ta yi dogon bayani ba. Ta naɗe hannun riga, tabon ƙunar nan ya fito fili, ta ɗauki butar.

"Ban iya ba, Yaya," ta ce. "Ki nuna mini inda zan zuba."

Mun gode, Inna Hasana. Allah ya jiƙan Goggo Barakatu, ya ba ki lafiya, ya sa ki gama da duniya lafiya. Ku kuma matan garin nan masu sauran ƙarfi a hannu, gidanta ba nisa, tana nan zaune kullum bayan la'asar. Ku je ku gaishe ta, ku roƙe ta gafara, ku ce ta koya muku aikin tun tana iya magana. Watarana ɗayarku za a shimfiɗe a tabarma ba bakin faɗar abin da aka yi mata, sai wadda ke riƙe da hannunta ta faɗa.