Usur ɗin da ƙanena ya cushe da auduga

A shekarun da aka yi ta zanga-zangar neman dimokuraɗiyya, ni malamin motsa jiki ne a wata makaranta a Sokodé, saurayi mai ji da kansa, kullum usur a wuya kamar laya. Ina da ƙane ɗan shekara goma sha biyar wanda ba ya kallon mutum a ido, magana kuma sai ya ga dama. Yau ana kiran abin galahanga, mu kuwa a lokacin cewa muke yaron ba daidai yake ba. Duk ranar da na ja shi filin ƙwallo, ina busa usur sai ya toshe kunnuwa ya tsuguna a tsakiyar fili, yara na dariya. Kunya ta ishe ni, na riƙa ce masa malalaci a gaban kowa. Ran nan usur ɗina ya ɓace, aka ce an gani a hannunsa. Na mare shi, Allah ya yafe mini, na kuma matsa wa mahaifiyarmu lamba har ta tura shi Dapaong wurin kawunmu mai fataucin shanu.

Da dogon yajin aiki ya rufe makarantu, zaman banza ya kai ni can. Motar ɗaukar shanu ta yi wuya, kawu ya ce ƙanen nan nawa ne ke kora shanu kasuwa da ƙafa, tun asuba har azahar, ko maraƙi bai taɓa ɓatarwa ba. Na ce sai na gani da idona, na bi shi. Wallahi kafin hantsi ƙafafuna sun ƙi, na zube a gindin ɗorawa, wai ni malamin motsa jiki. Shi ko haki bai yi. Ya miƙo mini goran ruwa, sannan ya zaro usur ɗina daga aljihu, ashe ya cushe shi tam da auduga. Idonsa na kan shanu ya ce shi dama yana son gudu, ƙarar ce ke soka masa kai, amma ya gyara, in busa idan ina so. Na busa, usur ɗin ko ƙis bai yi ba. Nan na zauna ina hawaye, shi kuma yana jira in huta.

Har yau ban ga mai juriyarsa ba, kuma bai taɓa tuna mini marin nan ba. Malamai da iyaye, don Allah idan irin wannan yaro ya guje wa fili, kada ku yi saurin ce masa malalaci. Ku fara duba abin da ke rataye a wuyanku.